Daga Sakiya zuwa Robar Asibiti: Tarihin Fitar da Ruwa Kafin Tiyata a Jahun

Sakiya ita ce huda kumburi domin ruwan da ya taru a ciki ya samu hanyar fita. A ƙasar Jahun, kamar sauran garuruwan da ke bin kwarin Kogin Haɗeja, aikin wanzamai ne tun kafin a san asibiti. Idan maruru ya nuna, ko kumburi ya yi ruwa a cinya, wanzami kan sa tsinin ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya laluba inda fata ta fi laushi ya soka. Mugunya ta tsiyaye, zogi ya lafa, majinyacin da ya kwana uku bai runtsa ba ya samu barci. Zafin ƙarfen yana ƙona bakin ciwon, yana tsayar da jini, yana kuma kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin ƙarfen, ko da yake masu sana'ar ba da wannan sunan suka san amfaninsa ba.

Wanzanci sana'ar gado ce mai shugabanci, Sarkin Aska ne babbanta. A zabirar wanzami akwai asake iri-iri da ƙaho da ƙarfen cire beli, kuma aikinsa ya haɗa da aski da kaciya da tsaga da ƙaho da cire beli da ita sakiyar. Karaya da targaɗe na maɗori ne, haihuwa ta ungozoma. Duk faɗin wannan fage akwai iyakar da aska ba ta tsallakewa, wato kogon ciki. Wanzami yana aiki ne a inda ido ke gani ko yatsa ke taɓawa. Abin da ya kumbura a bayan haƙarƙari sai jiƙo da sassaƙe da rubutun sha, wani lokaci a kafa ƙaho a saman wurin da ke ciwo. Wannan iyaka ba gazawar wanzaman Hausa kaɗai ba ce. Har tsakiyar ƙarni na 19 likitocin Turai ma a bakinta suke tsayawa, domin buɗe cikin mutum ba maganin barci, ba hanyar kashe ƙwayoyin cuta, kusan daidai yake da yanke masa hukuncin kisa.

Daga cikin gaɓoɓin da ke bayan wannan iyaka akwai maɗaciya, wadda ake kuma kira matsarmama. Bahaushe ya santa ne a wajen fawa. Duk mahauci, da duk matar da ta taɓa gyara kaza, sun san 'yar koriyar jakar nan da ke manne a ƙarƙashin hanta, wadda ake cirewa cikin lallami, domin idan ta fashe ɗacinta ya ɓata naman. A jikin mutum ma a nan take, ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Hanta ce ke yin ruwan ɗaci, abin da ya kai rabin lita ko fiye a yini, maɗaciya kuwa rumbu ce kawai da ba ta ɗaukar fiye da cokali uku ko huɗu. Tana tara ruwan ta kaurara shi, idan an ci abinci mai maiƙo ta matse ta tura shi hanji ta wata siririyar hanya.

A wannan siririyar hanya matsala take farawa. Tsakuwa kan ƙullu a cikin jakar, wata rana ɗaya ta toshe ƙofa. Ruwa ya rasa mafita, jakar ta kumbura, bangonta ya yi kauri, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ruwan ɗaci ya rikiɗe ya zama mugunya. Majinyaci yana jin ciwo mai tsanani a saman ciki ta dama, wani lokaci har kafaɗa, ga zazzaɓi ga amai. Idan likita ya danna ƙarƙashin haƙarƙari ya ce a ja numfashi, sai numfashin ya yanke saboda zafi. Idan aka bar shi, bangon jakar na iya ruɓewa ya fashe. A taƙaice maruru ne, sai dai ya fito a inda ƙarfen wanzami ba ya kaiwa.

An daɗe ana ɗaukar tsakuwar maɗaciya a matsayin ciwon Turawa, domin rahotannin asibitocin Najeriya na tsakiyar ƙarni na 20 sun nuna ƙarancinta. Cimar gero da dawa mai ƙarancin maiƙo tana da hannu a wannan, amma rashin na'urar gani ma yana da nasa kason, domin abin da ba a duba ba ba a ƙirga shi. A ƙasar Hausa ciwon yana da ƙofofi biyu da ba su da alaƙa da ƙiba. Ɗaya ita ce sikila, ko amosanin jini: jajayen ƙwayoyin jini suna saurin mutuwa, hanta ta cika da tarkacensu, sai baƙar tsakuwa ta ƙullu tun mutum yana yaro. Ɗayar kuwa taifot ce, wadda ƙwayarta ke son zama a maɗaciya, tana iya kumbura ta ko babu tsakuwa, musamman a jikin yara, tana kuma iya laɓewa a ciki shekaru mutum yana yaɗa ta bai sani ba. A bakin jama'a irin wannan ciwo yakan tafi da sunan gyambon ciki, idan ido ya yi rawaya kuma a ce shawara ce.

Farkon abin da likitoci suka gwada a kan maɗaciya sakiya ce tsantsa. A shekarar 1743 wani likitan Faransa, Jean-Louis Petit, ya ba da shawarar a huda jakar ta fata a fitar da abin da ke ciki, amma da sharaɗin sai kumburin ya manna ta da bangon ciki, don kada ruwan ya malala cikin kogo. Sharaɗin nan shi ne na wanzami: ba a soka sai ya nuna. Aka yi shekara ɗari da ɗoriya ba a wuce nan ba, har maganin barci ya bayyana a Boston a 1846, Joseph Lister kuma ya fito da hanyar tsabtace rauni da kayan aiki a 1867. A wannan shekarar ce John Bobbs, a birnin Indiyanafolis na Amurka, ya buɗe cikin wata mata yana zaton ƙari ne a ƙwan mahaifa, sai ya tarar da maɗaciya cike da tsakuwa. Ya tsaga ta, ya kwashe, ya ɗinke. Matar ta rayu shekaru masu yawa bayan haka.

A 1878, a Paris, wani likitan Amurka mai suna James Marion Sims ya yi aikin da gangan. Ya buɗe cikin wata mata da shawara ta kama, ya kwashe tsakuwa, ya ɗinke bakin maɗaciyar da fatar ciki domin ruwa ya riƙa fita waje. Matar ta rasu bayan 'yan kwanaki saboda zubar jini, amma hanyar ta bazu, kuma shi ya raɗa wa aikin suna. Shekara huɗu bayan haka, a watan Yulin 1882, Carl Langenbuch na asibitin Lazarus a Balin ya cire jakar ɗungurungum, majinyacin ya tashi. Hujjarsa ita ce a cikin jakar tsakuwa ke ƙulluwa, don haka kwashe tsakuwa a bar jaka kamar share ruwa ne a bar rufi yana yoyo. An yi shekaru ana jayayya tsakanin masu hudawa, irin su Lawson Tait na Ingila, da masu cirewa. A ƙarshe cirewa ta yi rinjaye, hudawa ta koma abin da ake yi wa wanda ya galabaita har ba zai jure babban aiki ba.

Sunan Sims shi ne zaren da ya haɗa wannan labari da Jahun, domin ba da maɗaciya ya yi suna ba. Tsakanin 1845 da 1849, a garin Montgomery na jihar Alabama, ya yi ta gwada ɗinke yoyon fitsari a jikin mata bayi baƙaƙen fata, ba tare da maganin barci ba. Sunayen uku ne suka wanzu a tarihi: Anarcha da Betsey da Lucy. Anarcha kaɗai an yi mata aiki kusan sau talatin. Baiwa ba ta da bakin cewa a'a, kuma wannan tabo ya bi sunansa har aka kawar da mutum-mutuminsa daga wani babban dandali na birnin New York a 2018. Abin da ya fito da shi daga waɗannan shekaru, ya wallafa a 1852, abu uku ne: ƙarfen buɗa farji domin a ga ramin, ɗinki da zaren azurfa, da bututun da ake bari a mafitsara bayan aiki. Na ukun ne ya fi shafar wannan bayani. Mafitsarar da ke cika tana miƙewa ba ta barin ɗinki ya kama, amma idan fitsari yana tsiyayewa a kai a kai, naman yakan huta ya haɗe.

Yoyon fitsari ya kau daga Turai da Amurka da yaɗuwar tiyatar haihuwa, ya saura a inda mace ke kwana biyu ko uku tana naƙuda a ɗaki. Kan jariri yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. A ƙasar Hausa akwai ƙarin dalili daga cikin sana'ar aska kanta, wato yankan gishiri, wanda ungozoma ko wanzami ke yi wa mace idan haihuwa ta yi gardama ko don wasu larurori, aska kuma ta zarce ta huda mafitsara. A Habasha, Reginald da Catherine Hamlin sun buɗe asibiti na musamman don wannan ciwo a Adis Ababa a 1974. A Arewacin Najeriya kuwa aikin ya kafu ne a Babbar Ruga ta Katsina, tsohon asibitin kutare, inda wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a 1983, ya tarar da mata masu yoyo, ya koma kansu. Daga can aikin ya yi rassa zuwa Kano da wasu garuruwan Arewa da Jamhuriyar Nijar, kuma likitoci da ma'aikatan jinya da yawa a hannunsa suka koya.

Kafin Waaldijk ƙa'idar da aka gada ita ce a jira wata uku bayan haihuwa kafin a taɓa ramin, har naman ya gama warkewa. Wata ukun nan kuwa su ne mafi muni a rayuwar mace: jariri ya mutu, zane a jiƙe dare da rana, fatar cinya ta sale, zarni ya raba ta da zaman jama'a, sau da yawa har da ɗakin miji. Shi sai ya juya lissafin. Duk wadda ta zo da sabon yoyo, a sa mata robar fitsari nan take, a bar ta mako huɗu ko fiye, ta riƙa shan ruwa lita shida zuwa takwas a yini don kada robar ta toshe. A sakamakon da ya wallafa a 2004, kimanin kashi 15 cikin ɗari na matan sun warke da robar kaɗai, ba wuƙa ba ɗinki. Sauran kuma, da zarar gefen ramin ya yi tsabta, sai a ɗinke ba sai an cika wata uku ba. Bututun da Sims ya ajiye a bayan aiki ya dawo gabansa.

Jahun ta shiga wannan tarihi a makare amma da ƙarfi. Garin tsohuwar gunduma ce a masarautar Kano, mazaunin Fulani Jahunawa, daga baya ya koma ƙarƙashin masarautar Dutse, ya kuma zama hedikwatar ƙaramar hukuma a jihar Jigawa da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agustan 1991. A zamanin En'e, abin da gunduma irin wannan ke da shi bai wuce ɗakin shan magani da malamin asibiti ba, mai wanke gyambo da yin allura, wanda shi ma yakan tsaga maruru, da wuƙar asibiti maimakon jan ƙarfe. Babban aiki sai Kano. A shekarar 2008 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda kafafen labarai na Hausa ke kira Na Gari Na Kowa, ta fara aiki a Babban Asibitin Jahun tare da ma'aikatar lafiya ta jihar, da nufin ɗinke yoyon fitsari kyauta. Ba a daɗe ba aka ga cewa ɗinki kaɗai bin bayan ɓarna ne. Sashen haihuwa ya faɗaɗa har ya fi na yoyon girma: tiyatar gaggawa dare da rana, ƙarin jini, kula da masu jijjiga, ɗakin jarirai bakwaini da marasa lafiya, sannan tallafa wa ƙananan asibitoci na kewaye kamar na Aujara da Miga, don a gane naƙuda mai gardama da wuri. Mata suna zuwa daga sassan Jigawa da jihohin maƙwabta.

A ɓangaren masu yoyo, roba ce ginshiƙin jinya. Ana sa ta ga wadda ta sha doguwar naƙuda tun kafin yoyon ya bayyana, domin mafitsarar da ta sha matsa ta huta. Ana sa ta ga mai sabon rami, ana kuma barin ta bayan ɗinki. An saba barinta mako biyu, sai a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kwana bakwai zuwa goma sun wadatar idan ramin mai sauƙi ne. Bambancin 'yan kwanakin nan ba ƙarami ba ne a asibitin da gado ya yi wa majinyata kaɗan.

A can duniyar maɗaciya ma hudawa ta sake dawowa, da sabon matsayi. Cire jakar ya yi sauƙi ƙwarai bayan Erich Mühe a Jamus a 1985 da Philippe Mouret a Faransa a 1987 sun nuna ana iya yinsa ta ƙananan huji da madubin leƙen ciki. Amma lokaci yana da hukunci. A kwanakin farko na kumburi, jakar tana rabuwa da abin da ke kewaye da ita cikin sauƙi. Idan kwanaki suka ja, komai ya manne, likita na iya yanke babbar hanyar ɗaci bisa kuskure, ɓarnar da gyaranta ke da wuya. Ga kuma tsoho mai ciwon zuciya, ko wanda cuta ta shiga jininsa, da ba zai jure maganin barci ba a wannan hali. Irin waɗannan ake fara zuƙe musu ruwan, a ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta, a jira kamar mako shida kumburi ya sauka, sannan a cire jakar. Ƙa'idojin Tokiyo na jinyar kumburin maɗaciya, waɗanda aka fara fitarwa a 2007 aka sabunta a 2013 da 2018, sun raba ciwon mataki uku bisa tsananinsa, suka kuma fayyace wanda za a yi wa aiki kai tsaye da wanda za a fara huda wa.

Hanyoyin hudawar uku ne. Ta farko, wadda ta bayyana wajen 1980, ita ce a soka allura ta fata, na'urar hoton ciki tana nuna hanya, a zura siririyar roba har cikin jakar, mugunya ta riƙa sauka a leda. Ba ta buƙatar maganin barci, kuma ita ce jikar sakiya ta kai tsaye. Aibinta shi ne majinyaci yana yawo da roba a haƙarƙari makonni, tana ciwo, tana toshewa, tana iya zamewa. Ta biyu ta baki ake bi. Tun 1968 aka fara zura na'urar leƙen ciki ta maƙogwaro da tumbi har bakin hanyar ɗaci a farkon hanji, a 1984 kuma Richard Kozarek ya nuna ana iya bin hanyar a hau har cikin maɗaciya. Ana barin 'yar gajeriyar roba a ciki, ruwan ya riƙa gangarawa hanji, ba abin da ke leƙowa waje. Tana da amfani ga mai matsalar daskarewar jini ko mai ruwa a ciki, waɗanda soka allura ke da haɗari gare su, kuma ba ta canza wa likitan tiyata fasalin wurin da zai yi aiki daga baya. Sai dai hanyar a murɗe take, ba kullum ake iya ratsa ta ba, kuma taɓa wurin na iya kumbura fankiriyas, gaɓar da ke samar da sinadarin insulin.

Ta ukun ita ce mafi sabunta, an fara ba da rahotonta a 2007. Na'urar leƙen cikin tana ɗauke da idon hoto a bakinta. Daga cikin tumbi ko farkon hanji ake hango maɗaciyar, a huda bangon biyu, a sa wani ɗan gajeren bututun ƙarfe mai baki biyu da ke riƙe su a haɗe. Sharaɗin Petit ne aka cika da ƙarfe: maimakon a jira kumburi ya manna jakar, sai a manna ta da hannu. Ga wanda ba za a taɓa yi wa tiyata ba, wannan hanya ta fi ta fata daɗin zama da ƙarancin komawa asibiti. Ga wanda ake shirin yi wa aiki kuwa akwai abin dubawa, domin an bar rami a tumbi ko hanji wanda sai likita ya rufe shi ranar cire jakar, shi ya sa da yawa suka fi son ɗaya daga hanyoyi biyun farko idan tiyata na tafe.

Hanyoyin baki suna buƙatar na'urori masu tsada, da wutar lantarki tsayayya, da likitan da ya yi shekaru yana koyo, don haka a Najeriya cibiyoyi ƙalilan ne a manyan birane ke yin su. Abin da ya canza lissafi a garuruwa irin Jahun shi ne na'urar hoton ciki, wadda jama'a ke kira sikanin. Don masu juna biyu ta yaɗu, amma idon da ke ganin kwanciyar jariri shi ke ganin tsakuwa da kaurin bangon maɗaciya, sai ciwon da aka yi shekaru ana sha wa maganin gyambon ciki ya samu sunansa na gaskiya. Matakin farko a asibitin ƙaramar hukuma shi ne hana abinci, ƙarin ruwa, allurar kashe ƙwayoyin cuta da ta rage zafi, kuma da yawa kumburinsu yakan sauka da wannan. Wanda bai sauka ba akan tura shi gaba: asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ga mutumin ƙauyukan fadama, kwanakin farkon da aikin ya fi sauƙi sukan ƙare ne tsakanin kemis da jiƙo da neman kuɗin mota. Da damina kuma, a shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, Kogin Haɗeja kan shanye hanyoyi a ƙasashen Miga da Auyo da Kafin Hausa, har majinyaci sai an fito da shi a kwalekwale kafin a kai ga titi. Wanda ya iso bayan mako guda cikin zazzaɓi da galabaita shi ne ainihin wanda aka tanadi hudawa dominsa, kuma wadda ta fi kusa da shi ita ce ta fata, ko tsohuwar hanyar Sims: ƙaramar tsaga a ƙarƙashin haƙarƙari da allurar kashe wuri, a sa roba a jakar, a ɗage babban aikin zuwa bayan mako shida.